Kafin A Gangara Hawan Kibo

Hanyar da ta tashi daga Jos ta nufi Akwanga ba ta hutawa, rani da damina. Ta nan ne dankalin Turawa da kabeji da tumatir na ƙasar Filato su ke sauka zuwa Abuja da Lafiya da Makurɗi, ta nan kuma doya da manja da lemo su ke hawowa. In watan Disamba ya kama, lokacin Kirsimeti da bukukuwan aure, sai ka ga ƙananan motoci cike da iyali, kaya a but har murfi ya ƙi rufuwa. Duk wanda ya saba bin hanyan nan kuwa, in ka tambaye shi inda gabansa ya kan faɗi, wuri guda zai ambata maka, watau Hawan Kibo.

Dalili kuwa a fili ya ke. Birnin Jos yana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da bakin teku. Mai zuwa kudu dole ya sauka daga tudun nan, a Hawan Kibo kuwa saukar ta fi tsanani, ga gangare mai tsawo, ga kwana bisa kwana. In aka yi haɗari a wurin, abin da a kan ce shi ne birki ya tsinke. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai wani ɗan ƙarfe a cikin ƙafar mota wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ya ɓaci, shi ne boris. Shi boris ba ya mutuwa farat ɗaya. Ya kan daɗe yana kuka tukuna, mai kunne kuwa ya ji. Daga tsakiyar Jos zuwa bakin gangaren tafiyar wajen awa guda ce, kowane yanki na hanyar kuma yana tona wata irin ƙara dabam. Bari mu bi ta sannu, ya mai karatu, muna kallon ƙasa, muna kuma kasa kunne ga ƙafar gaba.

A kasuwar Dilimi

Mu fara daga Dilimi, inda masu sayar da kayan mota su ke a cikin Jos. Shaguna ne a jere, kowanne cike da ƙarafa tun daga ƙasa har rufi, akwai sababbi cikin kwali, akwai na hannu waɗanda a ke kira Beljiyam. In ka ce a nuna maka boris na ƙafar gaba, za a miƙo maka abin da zai zauna a tafin hannunka, faɗinsa santimita 7 ko 8. Zobe biyu ne na ƙarfe mai tauri, ɗaya cikin ɗaya. A tsakaninsu an jera 'yan ƙwallaye masu santsi, ko kuwa 'yan ƙarafa masu siffar ƙaramar ganga, duka suna kwance cikin giris. Zobe ɗaya yana tsaye, ɗaya yana juyawa tare da ƙafa, 'ya'yan kuwa suna mirginawa a tsakani domin kada ƙarfe ya gogi ƙarfe.

Dubi aikin da a ke ɗora wa ɗan abin nan. Tayar ƙaramar mota ta kan juya wajen sau 550 a kowace kilomita. In mota tana gudun kilomita 80 a awa, ƙafar tana juyawa sau 12 kafin daƙiƙa guda ta cika. Nauyin inji da na fasinja da na buhunan dankali duka a kan boris na ƙafafu huɗu ya ke sauka. A farkon haƙar kuza, kafin jirgin ƙasa ya iso Jos daga Zariya a 1914, mutane ne su ke ɗaukar kuza a kā, su sauka daga tudun nan da ƙafa su nufi Loko a bakin Binuwai. Ɗan dako in wuyansa ya gaji ya kan faɗa a sauke masa. Boris ma haka, sai dai harshensa dabam ne.

Ba duka iri ɗaya ba ne. Tsofaffin motoci masu turi da ƙafar baya, kamar Peugeot 504 wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, boris biyu su ke da shi a kowace ƙafar gaba, na ciki da na waje. A kan kwance su a wanke, a sake cika su da giris. Motoci masu ja da ƙafar gaba kuwa, kamar Golf da Corolla da su ka cika tashoshinmu, boris guda ne mai layi biyu, a rufe ya ke tun daga masana'anta, ba a ƙara masa giris, in ya ɓaci sai canji. Akwai kuma waɗansu sababbin motoci da boris ɗinsu ya ke zuwa haɗe da cibiyar ƙafa, watau hob, a ɗaure da kusoshi uku ko huɗu.

Daga Jos zuwa Bukuru

Kafin a tashi, direba ya ɗauki sifana ya bi notocin taya ɗaya ɗaya, balle in mai faci ya taɓa ƙafar jiya ko shekaranjiya. Noti mai sako-sako ya kan sa ƙafa ta yi ta bugu tana rawa, shi ne ya fi kowace cuta saurin jefar da taya, shi ne kuma ya fi arahar magani.

Jos da Bukuru sun riga sun haɗe, gida na bin gida. Nan ba a gudu. Ga shataletale, ga masu keke mai ƙafa uku, ga tudun rage gudu da aka gicciya a bakin makarantu da kasuwanni. Jefi-jefi a bayan gidaje za ka hango tulin jar ƙasa da tafkuna masu zurfi, su ne ramummukan da masu haƙar kuza su ka bari. Tafiyan nan ta sannu tana da amfani, gama ita ce ta ke fito da ƙarar da ba ta boris ba.

In kana zaga shataletale, sitiyari a karye, ƙafarka a kan totur, ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, to, gaɓar shaf ce, watau sandar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafar gaba. Ka leƙa bayan taya, galibi za ka tarar robar da ke rufe gaɓar ta yage, baƙin giris ya fantsama ko'ina. In kuwa sai ka hau tudun rage gudu ko ka faɗa rami ka ke jin gwaf-gwaf, wannan daga gaɓoɓin da ke riƙe da ƙafa ne, ko boljoyin, ko sandar sitiyari, ko robobin da su ka cinye. In ƙara ce siririya, ƙiii, wadda ke zuwa sa'ad da ka taka birki, takalman birki ne su ka kusa ƙarewa. In ta zama gurza, sun riga sun ƙare, ƙarfe ne ke cin faifai. Wani lokaci ma tsakuwa ce kurum ta maƙale tsakanin faifan birki da gwangwanin da ke bayansa, ta yi ta ƙara kamar mota za ta tarwatse, alhali da sukudireba a ke cire ta.

Daga Mararrabar Jama'a zuwa Riyom

Bayan Bukuru sai Mararrabar Jama'a, inda hanyar Barikin Ladi da Mangu da Pankshin ta rabu da tamu. Daga nan ƙasa ta buɗe. Fili ne mai ciyawa har iyakar gani, da duwatsu da su ka hau juna, da gonakin acca da dankali, da ƙauyukan Birom waɗanda aka kewaye da shingen ƙerana, da layin itatuwan turare. Za mu wuce Kuru, mahaɗar jirgin ƙasa. Layin da ya hawo daga Kafanchan ya isa Jos a 1927, daga nan Kuru ne kuma aka ja reshen da ya kai Maiduguri a 1964. Iskar wurin tana da sanyi, fasinja su kan rufe gilashi, mota ta yi shiru. Nan ne wurin sauraron boris. A kashe rediyo na ɗan lokaci.

Kukan boris gurnani ne, wuuu, mai kama da ƙugin jirgin sama daga nesa. Ya kan soma fitowa in gudu ya kai wajen kilomita 40 ko 50, yana ƙaruwa yadda gudu ke ƙaruwa. Domin a raba shi da sauran ƙararraki, akwai gwaji uku da direba zai yi ba tare da ya sauka ba.

Na fari, a miƙaƙƙen wuri marar gangare, in ba mota kusa, ya sa giya a firi na 'yan daƙiƙu, ya ɗaga ƙafa daga totur. Kada ya kashe inji, gama birki zai yi tauri, sitiyari kuma yana iya kullewa. In ƙarar ta faɗi tare da ƙarar inji, ba daga ƙafa ta ke ba. In ta ci gaba kamar dā, to, abin da ke juyawa tare da taya ne.

Na biyu, ya lura da kwalta. Taya mai cin gefe, ko wadda bayanta ya yi tudu da kwari, ita ma ta kan yi ƙugi. Amma ƙugin taya ya kan sake murya in aka tashi daga kwalta mai kaushi aka hau mai santsi. Na boris bai damu da irin kwalta ba. In shakka ta rage, a mai da tayoyin gaba baya, na baya gaba. In ƙarar ta bi taya, an gane mai laifi. Sitiyarin da ke karkarwa a hannu sa'ad da gudu ya kai 80 ko 100, in an rage ya daina, galibi taya ce da nauyinta bai daidaita ba.

Na uku shi ne kwana. In mota ta karya hagu, nauyinta ya kan koma kan ƙafafun dama. In ta karya dama, ya koma hagu. Boris mai ciwo kuwa ya kan ƙara kuka in an danne shi, ya sassauta in an ɗauke masa kaya. Saboda haka in gurnanin ya ƙaru a kwanar hagu, ya lafa a kwanar dama, boris na dama a ke tuhuma. Wannan ba ya rasa kuskure wani lokaci, domin ƙara ta kan bi jikin mota ta ruɗi kunne, shi ya sa ba a yanke hukunci sai an ɗaga ƙafar.

Tsayawa a Riyom

A Riyom ne duwatsun nan su ke waɗanda a ke bugawa a kalanda, manya a kan ƙanana, kamar da hannu aka ɗora su. Wanda kunnensa ya ji wani abu a baya, nan ya kamata ya tsaya, gama abin da ya rage kafin gangare kaɗan ne.

Wata rana da damina na shiga wata Golf ta haya, mu shida da direba. A gaba akwai wani dattijo wanda ya ce ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota kafin ya ajiye. Tun daga Kuru ya ke karkatar da kai wajen ƙofa. Da muka kusa Riyom sai ya ce, "Ɗana, ƙafarka ta dama tana kuka."

Direba ya ce, "Baba, sabuwar taya ce, haka ta ke yi."

Dattijo ya ce, "Sabuwar taya ba ta yin shiru a kwanar dama ta tashi a kwanar hagu. Ka tsaya mu taɓa. In ƙarya na yi, ni zan saya maka shayi."

Wata mata a baya, da jariri a cinya, ta ce, "Direba, ka ji maganar Baba. Gara mu makara."

Muka tsaya a inuwa kusa da wani gareji. Dattijon ya kai bayan hannunsa kusa da tsakiyar ƙafar hagu, da ɗumi kaɗan. Ya kai kusa da ta dama, sai ya janye da sauri. Tun da ba a taka birki sosai ba a filin da muka wuce, zafin nan ba shi da dalili sai ɗayan biyu, ko birki yana kamawa, ko boris yana ci. Bakanike ya zo, ya sa weji a tayar baya, ya ɗaga ƙafar da jak. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, sai ta yi ƙwas-ƙwas. Ya sa yaronsa ya taka birki ya riƙe, ya sake girgizawa, motsin ya ɓace. Ya ce da boljoyin ne, da motsin bai ɓace ba, domin birki ba ya riƙe shi. Ya kama taya gefe da gefe ya gwada sandar sitiyari, lafiya lau. Sa'an nan ya dafa sifirin da hannun hagu, ya murza taya da na dama, ya ce wa direba, "Zo ka dafa nan." Direba ya dafa, ya ji gurzar tana bin ƙarfe har cikin tafinsa. Bai ƙara musu ba. Mai karatu ya lura, boris irin na rufe ya kan yi kuka tun bai soma girgiza ba, saboda haka rashin motsi ba shaidar lafiya ba ne. Gwajin dafa sifirin shi ya kan tona shi.

Yadda a ke canja shi

Aikin ya ci awa uku, ga yadda ya tafi. Bakanike ya sauke motar ƙasa tukuna, ya sassauta babban notin da ke tsakiyar ƙafa, gama yana da tauri ƙwarai, in mota tana kan jak za ta iya zamewa. Ya sake ɗagawa, ya tokare ta da ƙarfen tsayawa, domin ba a ba jak amanar ran mutum. Ya cire taya. Ya kwance abin da ke riƙe da takalman birki, ya rataye shi da waya kada nauyinsa ya ja tiyon man birki. Ya cire faifai, ya raba boljoyin da sandar sitiyari, ya zare shaf, ya fito da ƙarfen da boris ke zaune a ciki, wanda kanikawa ke kira nokul.

Nan ne a ke gane bakanike na kirki. Boris irin wannan da ƙarfi a ke cusa shi cikin raminsa, mai gaggawa kuwa guduma ya kan ɗauka. Kowane bugu yana dankara ƙwallaye a jikin zobe, ya bar tabo da ido ba ya gani, sabon boris ya soma mutuwa tun bai taka kwalta ba. Wannan bakaniken ya ce wa yaronsa, "Kai, hau babur ka kai Bukuru wurin mai injin matsa. Ka tsaya a kansa, kada ya buga."

Abin da mai injin ya ke yi shi ne, ya tura hob ya fita, ya ɓamɓare rabin tsohon zoben da kan maƙale a jikinsa, ya cire zoben maƙalli, ya matse tsohon boris waje. Ya goge ramin tas. Sa'an nan ya tura sabon, yana danna zoben waje kaɗai. Ya mai da maƙalli. Sa'ad da zai mai da hob kuwa, sai ya tokare zoben ciki daga baya, domin kada ƙarfin matsawa ya bi ta kan ƙwallaye. A motoci masu birkin ABS, waɗansu boris suna da maganaɗisu a fuska ɗaya. In aka juya shi baibai, fitilar ABS za ta kama a gaban direba, ba kuwa yadda za a fito da boris ɗin ba tare da an ɓata shi ba.

Da yaro ya komo aka mai da kome wurinsa. Babban noti sabo a ke sawa, a ɗaure shi da sifana mai awo daidai yadda littafin motar ya faɗa, domin shi ne ke haɗa rabi biyu na zoben ciki. Ba a tura mota ko taku ɗaya noti yana kwance. Kafin a tashi, direba ya taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Bayan irin wannan aiki ya kamata a kai mota a duba saitin ƙafa, in ba haka ba taya za ta ci gefe.

Na tsofaffin motoci da yawancin akori-kura ya fi sauƙi, ana yinsa a gindin itace. A cire hular tsakiya, da fin, da noti, a zaro hob. A fitar da kwanon da kowane boris ke gudu a ciki, a sa sabon boris da sabon kwanonsa tare, ba a aurar da sabo da tsoho. A ɗebi giris a tafin hannu a yi ta dannawa har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a sa sabuwar robar da ke tare giris. Wurin ɗauri kuwa, in boris mai siffar ganga ne, a ɗaure noti ana juya ƙafa har ya zauna, sa'an nan a sassauta, a mai da shi da ƙarfin yatsu, a sa sabon fin. In an matse shi da yawa zai yi zafi ya ƙone, in an bar shi sako-sako ƙafa za ta yi rawa.

Gangaren kansa

Bayan Hoss ƙasa ta kan soma sunkuyawa. Can sai ka ga tudun ya yanke, kwari ya buɗe a gabanka, kore shar da damina, hazo kuwa da hunturu. Kunne ya kan toshe, iska ta soma ɗumi, itatuwa su ƙara tsawo da kauri. Manyan motoci masu hawowa suna rarrafe suna tuƙa baƙin hayaƙi, masu sauka suna ƙugi cikin ƙaramar giya. Nan da can a gefen hanya a kan ga gawar motar da ba ta kai ƙasa lafiya ba.

Abin da gangaren nan ya ke yi wa ƙafar gaba shi ne, nauyin mota ya kan zubo gaba, kowace kwana tana tura ƙafa ta gefe, birki kuma yana zafi. Zafin faifai yana bin hob ya shiga boris, giris ya tsinke. Lafiyayyen boris ya kan jure. Wanda ya riga ya ci kansa kuwa, girisinsa ya ƙone, 'ya'yansa su farfashe, ƙafar ta cije ta fizgi sitiyari, ko ma ta fita ɗungum. Akwai kuma wata illa da direbobi da yawa ba su sani ba. In boris ya yi sako-sako, faifan birki ya kan yi lilo ya ture takalman birki baya. Direba ya taka sai ya ji ƙafarsa ta nutse, sai ya sake takawa kafin ya kama. A fili wannan ɗan jinkiri ne. A kwanar Hawan Kibo yana iya zama ajali, a kuma ce birki ne ya tsinke.

Saboda haka a sauka da giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe mota, birki ya zama mataimaki. Masu sa mota a firi don tsimin mai suna ɗora dukan kaya a kan birki, man birki kuwa in ya tafasa ba ya riƙe kome. In an kai ƙasa, kusa da inda ruwan Assop ke zubowa daga dutse, wajen kilomita 60 daga Jos, ana iya tsayawa a huta. Kada a taɓa ƙafa a nan a ce za a gwada boris, gama duka suna da zafin birki. Kada kuma a watsa wa faifai ruwan sanyi, ya kan karkace ko ya tsage.

Daga Forest zuwa Akwanga

Gaba kaɗan sai Forest, inda hanyar Gidan Waya da Kafanchan ta rabu. Mun shiga Jihar Kaduna ke nan. Mata da yara suna kewaye mota da ayaba da gyaɗa da rake. Sai Fadan Karshi, sai Gwantu, sa'an nan Andaha cikin Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato a 1996. Ƙasar nan tana samun ruwa da yawa, ga kwakwar manja, ga rafuffuka. Wanda ya bi ta cikin Agusta zai ga abubuwan da ke kashe boris da idonsa.

Na fari rami. Taya in ta faɗa rami da gudu, dukan nauyin bugun yana sauka a kan ƙwallaye biyu ko uku, su yi wa zobe lotsa. Daga ranan nan kowace juyawa tana faɗaɗa lotsar. Na biyu ruwa. Ƙafa mai zafi in ta shiga kududdufi ta kan huce nan take, ta zuƙi ruwa da laka ta bakin roba, giris ya gauraya, tsatsa ta kama. Masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi a tsakiyar ƙafa su ma suna taimakon ɓarnar. Na uku lodi. Motar da aka yi domin mutum biyar, in aka cusa bakwai da buhu huɗu, boris ne ke biyan bashin. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, ƙafar dama ce ke bin bakin kwalta, inda ya fi gutsurewa, inda ruwa kuma ya ke kwanciya. Kada direba ya yi mamaki in ita ce ta riga kuka.

Sai kuma maganar saye. Boris ba abin sayen na hannu ba ne, domin ba wanda ya san ramummukan da ya faɗa a ƙasar da ya fito. Ko cikin sababbi akwai jabu, kwali mai kyau da ƙarfe mai taushi. A tafi da lambar tsohon, a saya wurin wanda aka sani, wanda in kaya ya ɓaci za a iya komawa gare shi. Araha ba ta ado. Wanda ya saya mai rahusa ya kan biya kuɗin aiki sau biyu.

A Akwanga hanya ta kan rabu, masu Keffi da Abuja su yi yamma, masu Lafiya da Makurɗi su yi kudu. Fasinja su sauka su miƙe ƙafa, a ci doya da miya, a sayi lemo. Direba mai hankali ya kan zaga motarsa a nan, ya dubi notoci, ya sunsuna ko akwai ƙaurin giris, gama ramin da ya faɗa a Gwantu yana iya zama farkon wani sabon kuka.

Kalma ta ƙarshe ga mutanen gida ce. Tun 1988 da aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, jami'anta su kan tsai da mota su dubi taya da fitila da takardu, amma boris ba ya kuka a tsaye, sai wanda ke cikin mota ne zai ji shi. Uwar gida da ke zama a gefen maigida kowace Lahadi ta fi kowa sanin muryar motarsu, yara ma kunnensu ya fi na manya kaifi. Wanda ya ji sabon gurnani ya faɗa, mai tuƙi kuma ya karɓa da hannu biyu, a kai mota gareji tun ana saura mako guda tafiya. Fasinjan motar haya shi ma yana da bakin magana, muddin ya yi ta da ladabi, ya kuma yi ta tun ana kan tudu. Allah ya kai kowa gida lafiya.